Mudun Boko da Mudun Zaure: Da Wanne Za Mu Auna Jihadin Shehu?

A makon nan ina so mu ɗan jingine maganar siyasa da tsadar kayan masarufi, mu taɓa wata magana wadda za a ce ta malamai ce, amma kuwa in aka duba da kyau sai a ga ta shiga gidan duk wanda ke da ɗa a makaranta.

Abin da ya jawo ta shi ne, kwanakin baya na je gida hutu, sai na tarar wata 'yar ƙura ta tashi tsakanin wani yayana da ɗansa. Shi yayan nawa mutumin zaure ne, ya durƙusa gaban malamai tun daga Ahalari da Ishmawi har ya sauke Risala. Ɗan kuwa yana karatun tarihi a wata jami'a. Ran nan da dare yaron yana bitar takardunsa a tsakar gida, yana karantawa da ƙarfi, ya zo kan dalilan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo na 1804. Takardar ta kasa dalilan kashi uku: na siyasa, na tattalin arziki, sa'an nan na addini. Da uban ya ji an ambaci jangali da rikicin makiyaya, sai ya ajiye butarsa ya ce, "Kai, wa ya gaya maka Mujaddadi ya yi hijira saboda jangali?" Yaron ya ce, "Baba, haka ake so a rubuta, in ban rubuta haka ba faɗuwa zan yi." Uban ya ce, "To, kai me ka gaskata?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da na gaskata daban, abin da zan rubuta daban."

Wannan amsa ita ta hana ni barci a daren. Ga yaro mai hankali, ɗan gidan mutunci, amma ya saba da magana da baki biyu a kan abu ɗaya, bakin jarrabawa da bakin gida. Na kuma tabbata ba shi kaɗai ba ne. Idan ilmi ya kai mutum ga rubuta abin da bai gaskata ba, ko kuwa ga gaskata abin da ba zai iya kare shi da hujja ba, to lalle akwai gyara a wani wuri, kuma ya kamata mu nemo wurin.

MUDU BIYU A KASUWA ƊAYA

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙauye ya san kowace kasuwa da mudunta. Haka nazarin addini yake a yau, mudu biyu ake awo da su. Na farko shi ne na zaure, wanda ke farawa da imani, yana aiki da kalmomi irin su wahayi, da sunna, da bidi'a, da tajdidi, da karama. Na biyu shi ne na boko, wanda ya ɗaukar wa kansa sharaɗin cewa ba zai ce Allah ne ya yi abu ba, ba kuma zai ce ba shi ya yi ba, sai dai ya nemi sanadin da ido ke gani, watau mulki, da dukiya, da ƙabila, da yanayin zaman jama'a.

Ya kamata mai karatu ya sani, shi wannan mudu na biyu ba daga sama ya faɗo ba, yana da garinsu da tarihinsa. An sassaƙa shi ne a ƙasashen Turai bayan da Kiristocin can suka daɗe suna zubar da jinin juna a kan bambancin ɗarika, musamman a yaƙin nan na shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648. Da suka gaji, sai a hankali masanansu da masu mulkinsu suka karkata ga ra'ayin cewa addini abu ne na zuciya da ɗakin ibada, mulki da kasuwa da kotu kuwa su zauna a wani ɓangare daban. Da aka zo kafa fannonin nazarin al'umma a jami'o'i, sai aka gina su a kan wannan rabo. A 1912 wani Bafaranshe mai suna Emile Durkheim ya fitar da littafi a kan asalin addini, inda ya dogara da labarun mutanen asali na Ostareliya, ya nuna cewa a ganinsa abin da jama'a ke girmamawa a ibadarsu hoton al'ummarsu ne. Tun daga nan mabiyansa suka riƙa bayyana addini da abin da ke wajen addini.

Su kansu masanan jami'a ba su kwana a kan wannan ba. A 1962 wani malami ɗan Kanada, Wilfred Cantwell Smith, ya nuna cewa kalmar da Turawa ke kiran addini da ita ta sha sauya ma'ana cikin tarihi, har ya ba da shawarar a daina dogara da ita. A 1993 Talal Asad, wanda aka haifa a Madina, ya ƙara da cewa ba za a sami ma'ana guda ta addini wadda za ta dace da kowane zamani da kowace al'umma ba, domin ita kanta ma'anar haifaffiyar tarihin Turai ce. A nan gida ma, Farfesa Bolaji Idowu na Jami'ar Ibadan, wanda limamin Kirista ne, ya yi ta ƙorafi a littafinsa na 1973 a kan sunayen raini da baƙi suka laƙaba wa addinan gargajiya na Afirka. Mu kuwa ba sai mun yi nisa ba. Idan Bahaushe ya ce addini, aure na ciki, gado na ciki, awo a kasuwa na ciki, hukuncin alƙali na ciki. Ke nan tun daga kalmar farko mudun nan biyu suka saɓa.

SUNAN DA AKA RAƊA WA JIHADI

Bari mu koma kan abin da ya haɗa yayana da ɗansa, domin a nan ne za a ga saɓanin a fili. A watan Maris na 1903, bayan da Turawa suka ci Sakkwato, Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya yi musu jawabi. Gundarin maganarsa shi ne, Fulani sun ci ƙasar nan da yaƙi a zamanin Ɗan Fodiyo, yanzu kuma Ingilishi sun cinye su, saboda haka duk ikon da ke hannunsu ya koma hannun sabon mai nasara. Dubi yadda aka auna jihadi da mudun ƙabila, kuma dubi amfanin da mai awon ya samu. Idan jihadi mamayar wata ƙabila ce kurum, to Bature bai yi wani sabon laifi ba, ya bi sahu ne. Wannan fahimta ta daɗe a littattafan makaranta, har ta kai a 1967 wani tsohon jami'in mulkin mallaka, H. A. S. Johnston, ya fitar da littafinsa da sunan daular Fulani ta Sakkwato.

Abin sha'awa, a cikin wannan shekara ta 1967 wani littafin ya fito, na Murray Last, mai suna The Sokoto Caliphate. Shi Last ya zauna a Sakkwato, ya yi karatu cikin takardun Larabci na gidan Waziri Junaidu, ya saurari yadda masu abin suke kiran abinsu. Malaminsa shi ne H. F. C. Smith, wanda ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya musulunta daga baya aka san shi da Abdullahi Smith, wanda kuma tun 1961 ya yi kira ga masana su daina watsi da jihadodin ƙarni na 19 a matsayinsu na yunƙurin Musulunci. Shekara ɗaya, ƙasa ɗaya, littafi biyu: wani ya ce daular ƙabila, wani ya ce halifanci. Bambancin suna ne, amma suna linzami ne, inda ya juya can doki ke bi.

Da aka koma ga takardu, sai mudun ƙabila ya kasa ɗaukar hatsin. Abdussalami, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka hura wutar yaƙin, ba Bafillace ba ne, Ba'are ne. Yakubu, wanda ya karɓi tuta ya kafa Bauci, shi ma ba Bafillace ba ne. Akwai Hausawa da Buzaye cikin jama'ar Shehu, akwai kuma Fulanin da suka tsaya a bayan Sarkin Gobir Yunfa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 a kan tarihin Katsina, ya nuna cewa raba mutane gida biyu, Fulani da Haɓe, ba ya bayyana abin da ya faru a can, sai an duba tsarin sarauta, da garuruwa, da fatauci, da matsayin malamai. A lura, mai binciken boko ne ya gyara kuskuren mai binciken boko, kuma da hujja ya gyara shi. Wannan alheri ne da bai kamata mutanen zaure su manta da shi ba.

JANGALI: DUNIYA KO ADDINI?

To, saura maganar jangali, wadda ta sa yayana ya ajiye buta. A nan sai in ce da uban da takardar ɗan duk sun yi tuntuɓe da dutse ɗaya. Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Mai karatu ya dubi jerin nan da kyau. A wane gida takardar jarrabawa za ta sa kowanne? Wa'azi ya tafi gidan addini, fursuna ya tafi gidan siyasa, haraji ya tafi gidan tattalin arziki. Amma shi wanda ya roƙa a zama ɗaya ya roƙe su, da niyya ɗaya.

Haka kuma a littafin Kitabul Farƙi, wanda Mervyn Hiskett ya buga da fassarar Turanci a 1960, Shehu ya jera halayen mulkin da ya saɓa wa Musulunci, ya ambaci wasu da sunayensu na Hausa: jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla, da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da gargaɗi, watau tilasta wa talaka fita yaƙi ko ya fanshi kansa da dukiya. Ashe kuwa Shehu da kansa ya yi maganar jangali. Sai dai a wurinsa karɓar abin da shari'a ba ta ɗora wa mutum ba zalunci ne, zalunci kuwa saɓon Allah ne, kawar da shi kuma ibada ce. Wanda ya ce jihadi na jangali ne ba na addini ba, ya yanka abin da mai shi bai yanka ba. Wanda kuma ya ce na addini ne, saboda haka kada a ambaci jangali, shi ma ya karɓi rabon nan na Turai bai sani ba, ya mai da addini abin da ba ruwansa da kukan makiyayi. Na gaya wa yayana haka, cikin ladabi, na ce, "Yaya, kai ma da mudun boko ka yi awo a daren nan." Ya yi dariya, amma bai musa ba.

Babban aibin mudun boko a nan shi ne, yakan ɗauki abin da mutum ya faɗa game da niyyarsa a matsayin mayafi, ya ce gaskiyar tana ƙarƙashi. Mutanen da suka bar gidajensu a Degel suka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, da waɗanda suka faɗi a Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200, sun bar mana bayanin abin da ya fitar da su. Mai binciken da ya ture wannan bayani tun kafin ya auna shi, ya ce shi ya fi su sanin zuciyarsu, ya yi hukunci ne irin na mai aƙida, ko da yana kiran kansa ɗan ba-ruwanmu.

LAIFIN TUDU

Amma fa laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Mudun zaure shi ma yana da inda yake tauye awo, kuma gaskiya ta wajabta a faɗa. Aibinsa na farko shi ne ɗaukar hukunci a matsayin labari. Idan littattafan masu jihadi suka kira sarakunan Hausa kafirai, wannan fatawa ce ta fiƙihu, wadda aka gina a kan cewa suna gauraya Musulunci da al'adun tsafi kuma sun yaƙi Musulmi. Mai tarihi wajibinsa ne ya kawo fatawar da hujjojinta yadda suke. Amma wajibinsa ne kuma ya faɗa cewa sarakunan nan suna salla, suna da limamai da alƙalai, kuma akwai malaman zamanin da ba su yarda da fatawar ba. Zuriyar Gobirawa da ke Tsibiri da Sabon Birni, da Katsinawan Maraɗi, da Kabawan Argungu, suna da nasu labarin, su ma kuwa Musulmi ne, 'ya'yansu na zaune aji ɗaya da namu.

Aibi na biyu shi ne ɗaukar kowace tambaya a matsayin rashin ladabi ga magabata. Abin mamaki, su magabatan ba haka suka yi ba. Shehu Muhammadu El-Kanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana ƙalubalantar halaccin yaƙar Barno, yana cewa aikata saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kuma irin abubuwan da ake zargin Barnawa da su ana samunsu a wasu manyan ƙasashen Musulmi ba a yaƙe su ba. Me Muhammadu Bello ya yi da wasiƙun? Ya sa su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, tare da amsoshinsa, ya bar wa na baya su karanta su auna. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, ransa ya ɓaci da yadda ya ga wasu 'yan jama'a sun karkata ga neman mulki da dukiya, har ya bar rundunar wajen 1807 ya nufi gabas, sai da mutanen Kano suka tsai da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Ya kuma bayyana wannan ɓacin rai a Tazyinul Waraƙati. Abdussalami ɗin nan da muka ambata, daga baya ya yi wa Bello tawaye, aka yaƙe shi ya rasu a 1818, Bello kuma ya rubuta yadda abin ya gudana.

Haka nan, lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa da wasu kuɗaɗen a kan sana'o'i. Jangali bai mutu ba, bauta kuma ta ci gaba har ta bunƙasa a rumada da gandayen manya. Duk wanda ya ɓoye wa ɗalibi waɗannan don kare martabar jihadi, ya sani ranar da ɗalibin ya gano su a littafin wani baƙo, zai zargi duk sauran abin da aka gaya masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da an haƙa shi da kyakkyawar niyya. Tun da Malam Abdullahi bai ji nauyin faɗa ba, mu mene ne namu na rufewa?

INDA AWO YA ƘARE

Akwai kuma wurin da mudun boko ya kamata ya san iyakarsa ke nan. Shehu ya rubuta cewa lokacin da ya kai shekara arba'in, watau wajen 1794, an nuna masa wani al'amari inda ya sadu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Shehu Abdulƙadir Jilani, aka ɗaura masa takobin gaskiya. Daga nan ne ma Hiskett ya samo sunan littafinsa na 1973 a kan rayuwar Shehu. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima kuma ya tattara karamomin Shehu a littafinsa Raulul Jinani.

To, me mai tarihi zai yi da wannan? Ba shi da ma'aunin da zai tabbatar da shi, ba shi da wanda zai ƙaryata shi. Abin da ke hannunsa shi ne ya tabbatar cewa rubutun na Shehu ne, ya gano lokacin da aka yi shi, ya nuna yadda jama'a suka karɓe shi da abin da ya haifar a zukatansu. Idan ya tsallaka ya ce mafarki ne kawai na mai son mulki, ya bar fagensa ya shiga wa'azin rashin imani. Haka shi ma mai imani, yana da cikakken 'yancin gaskatawa, sai dai ya sani ba zai kafa wa wanda ba su yi tarayya a imani ba hujja da karama a zauren jarrabawa. A aji ɗaya akwai Musulmi da Kirista, a cikin Musulmin ma akwai ɗan ɗarika da wanda ba ya yi, kowa kuwa da yadda yake kallon karama. Abin da zai haɗa su shi ne hujjar da kowa zai iya dubawa da idonsa. Fadar "wannan ya fi ƙarfin ma'aunina" ba gazawa ba ce ga malami, alamar ya san aikinsa ce.

GADON DA MUKA MANTA

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muka sallama cewa bincike da tantancewa kayan Bature ne, namu kuwa karɓa da sallamawa. Malaman hadisi sun ƙago fanni sukutum na tantance masu ruwaya, suna bin mutum su ga ko ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, ko yana da mantuwa, ko an taɓa kama shi da ƙarya. Albiruni, wajen shekarar 1030, ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta littafi a kan mutanen Indiya, ya ɗaukar wa kansa alkawarin kawo aƙidarsu yadda su suke faɗinta, ba don ya yi jayayya da su ba, alhali kuwa shi Musulmi ne bai ɓoye ba. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya soki marubutan tarihi masu kwasar labari ba awo. Ya kawo misalin adadin mayaƙa 600,000 da aka ce Bani Isra'ila suna da su a zamanin Annabi Musa, ya ce a auna shi da yawan kakannin da ke tsakaninsu da Annabi Yaƙubu, da kuma faɗin filin da zai ɗauki irin wannan runduna. Ya binciki yadda dauloli ke tashi da faɗuwa ta hanyar haɗin kan dangi da jin daɗin da ke lalata jikoki, kuma wannan bai hana shi zama alƙalin Malikiyya a Alƙahira ba.

Waɗannan bayin Allah sun nemi sanadi ba su bar Mai sanadi ba. Ashe ke nan katangar da aka gina tsakanin zaure da jami'a ba ta kai tsawon da muke zato ba.

SHAWARA

Ga 'yar shawarata ga malaman jami'a da masu tsara jarrabawa. Da farko, kafin a tambayi ɗalibi dalilan jihadi, a fara tambayarsa abin da masu jihadin suka ce da bakinsu, da abin da abokan hamayyarsu suka ce, da kalmominsu na asali, tajdidi da hijira da zalunci da bidi'a, kada a yi gaggawar musanya su da kalmomin aro. Na biyu, a gaya wa ɗalibi tarihin mudun da aka miƙa masa, ya san cewa kasa dalilai gida uku dabara ce ta sauƙaƙa nazari, wadda aka ƙago a wani wuri saboda wata bukata. Na uku, duk mai son zurfafa bincike a wannan fage a tilasta masa Larabci da ajami, domin takardun suna nan a Sakkwato, da Gidan Arewa na Kaduna, da Zariya, da Ibadan, da hannun iyalai da yawa, kuma ba a yi wa mutum aski a bayansa.

Ga malamanmu na zaure kuwa, tare da girmamawa, ina roƙon a buɗe wa almajirai littattafan nan da muka ambata gaba ɗayansu, har da wuraren da ke da ɗaci. A bar yaro ya yi tambaya. Imanin da tambaya ɗaya za ta rusa, da ma can ginin yashi ne, kuma gara a yi tambayar a gaban malami da a yi ta a bayansa.

Kafin in baro gida, na sami yaron nan na ce masa ya sake rubuta amsarsa, ya fara da taron Magami da buƙatu biyar na Shehu, ya nuna yadda haraji da wa'azi suka fito daga baki ɗaya, sa'an nan ya kawo ƙorafin El-Kanemi da na Malam Abdullahi. Ya ce, "Baffa, in malaminmu bai yarda ba fa?" Na ce masa malamin kirki hujja yake nema, in ka kawo ta ka gama naka. Da ya gama ya karanta wa mahaifinsa. Yayana ya saurara har ƙarshe, ya gyara masa sunan littafi ɗaya da ya karanta ba daidai ba, sa'an nan ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko masa wani tsohon kundi da ya gada, ya ce ya tafi da shi makaranta amma ya dawo masa da abinsa.

Masu karatu da ke da ra'ayi a kan wannan magana, musamman malamai na ɓangarorin biyu, ƙofar wannan fili a buɗe take. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.